Saƙon da Aka Ba Hafsat a Mina

Sau uku Hafsat ta ƙwanƙwasa ƙofa kafin maigadi ya leƙo. Ya dube ta, ya dubi jakar alhazai da ke hannunta, sannan ya bi adaidaita sahun da ya sauke ta da kallo. A Nassarawa GRA, duk wanda bai zo da motarsa ba sai ya yi bayani.

"Wurin Alhaji Kabiru na zo," in ji ta. "Ka ce masa nas ɗin da ta yi jinyar mahaifiyarsa a Saudiyya ce."

Sati biyu ke nan da dawowarta, ba ta yi barcin kirki ba. Saƙon mamaciya ne a bakinta, kuma ta yi alkawarin isar da shi.

* * *

Shekara goma sha tara tana aikin jinya, sai bana ta sa kai ta bi tawagar lafiya ta alhazai. Ta ɗauka mura da ciwon ƙafa za ta yi ta fama da su. Washegarin Arfa aka kawo mata Hajiya Hasiya, tsohuwa mai kusan shekara tamanin, an tsinto ta da rana tsaka a titin Mina tana tambayar Larabawa hanyar unguwar Gama.

Takardarta ta ce lafiyarta ƙalau, ga hannun likita, ga hatimi. Hafsat ta san irin waɗannan takardun sarai: direba ake aika ya karɓo, likitan ko fuskar mai ita bai gani ba. Hirar minti biyar ta ishe ta gane tsohuwar ta daɗe da ciwon mantuwa. Ba ɗa, ba jika a tare da ita. An haɗa ta da wata mata da ta gaji da ita tun a jirgi.

"'Yar nan, bikin wa ake yi haka?"

"Mama, nan Mina ce. Aikin Hajji kika zo."

"To. Kabiru ya zo?"

Haka ta wuni tana tambaya. Hafsat tana goge mata jiki da ruwan sanyi, tana kiran lambar da ke jikin takardar, tana ta ringi ba a ɗauka. Mutum miliyan biyu a kwarin nan, amma babu wanda ya san sunan tsohuwar sai ita. Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai.

Da la'asar jikin ya rikice. Motar asibiti ta maƙale a cunkoso. Tsohuwar ta damƙe hannun Hafsat da ƙarfin da ba a zata ba.

"Ki ce wa Kabiru na daina fita. Wallahi na daina. Ya zo ya ɗauke ni."

"Zan faɗa masa, Mama."

Kafin motar ta iso ta cika.

* * *

Falon ya cika da baƙi masu gaisuwa, sanyin na'ura har cikin ƙashi. Alhaji Kabiru, babban ɗan kasuwa, yana zaune cikin farar shadda yana jan carbi.

"Ai Hajiya ta dace," yake cewa. "An sallace ta a Harami, an binne ta a ƙasa mai tsarki. Wa ya kai ta? Da ma burina ke nan a kanta." Ya juyo. "Yauwa, Sista, sannu da ƙoƙari. Faɗa musu, da kalmar shahada ta cika ko?"

Ido ya dawo kanta. Da ta ce e, da kowa ya huta, har da ita.

"Alhaji, saƙo ta ba ni gare ka. In da hali mu keɓe."

"Faɗi kawai, duk 'yan'uwa ne."

Ta faɗa, kalma bayan kalma, ba ta rage ba, ba ta ƙara ba.

Carbin ya tsaya. Wani dattijo ya sunkuyar da kai. Hafsat ta zuba wa Alhaji ido tana jiran ko da ƙwalla ɗaya, wadda za ta riƙe a matsayin amsar tsohuwa.

"Zafin ciwo ne," in ji shi. "Allah ya jiƙanta."

Aka amsa da amin, carbin ya ci gaba. Ya kira maigadi. "Bala, karɓi jakar Hajiya ka kai ɗakinta."

"Bari in kai da kaina," in ji Hafsat.

Bala ya wuce gaba. Ba su hau bene ba. Suka zagaya bayan gida, suka wuce wurin ajiye motoci, suka wuce ɗakin janareta, har wani ɗan ɗaki a jikin katanga. Tabarma, katifa, bokiti, taga mai ƙarfe. Hafsat ta ajiye jakar, ta juyo, sai ta ga sakatar ƙofar a waje take.

"Shekara huɗu tana nan ciki, Hajiya," Bala ya faɗa a hankali, ba tare da an tambaye shi ba. "Ni nake buɗewa in miƙa abinci."

Ta fito ta tsaya a rana. Bala ya ja ƙofar, hannunsa ya tura sakatar kamar yadda ya saba.