Ranar Da Miron Danilovich Ya Ƙi Tashi

Tun kafin ruwan shayi ya tafasa Zinaida Danilovna ta gama ɗaure kaya. Makar mai dawakai ya jera akwatunan a keken ƙanƙara, ya lulluɓe su da fatar tunkiya. Jirgin ƙasan Mosko ɗaya ne tak a yini, da hantsi yake tsayawa a tasharsu, kuma ba ya jiran kowa. Gobe da la'asar wanta zai hau dandali. In jirgin yau ya wuce su, magana ta ƙare.

Wan nata, Miron Danilovich Lazutin, a da sunansa kaɗai kan cika zaure daga Peterburg har Odessa. Shi ke tsara kiɗansa, shi ke kaɗa shi a piyano. Sai wata rana a Peterburg, ana tsakiyar wasa, makaɗa sun kai gaɓar da zai karɓa, kansa ya ɗauke ɗif. Ya dubi hannuwansa kamar na aro. Ya miƙe, ya rufe piyano, ya fice ta ƙofar baya ko hula babu. Jaridu suka samu abin yi, har da zanensa yana gudu da wutsiyar kwat a sama. Daga nan ya tattaro ya dawo gidan ubansu a ƙauye, a nan gemunsa ya yi furfura.

Bai daina tsara kiɗa ba. Bara ya gama wani babba, na piyano da cikakken ayarin makaɗa. Rabon makaɗan ya rubuta ya aika Mosko, suna can suna ta gwaji. Nasa rabon kuwa, tun yana saurayi ba ya rubuta shi sai bayan ya kaɗa a gaban jama'a. Yana cikin kansa da yatsunsa kawai, don haka babu wanda zai tsaya masa. Zinaida ta san wanta kamar yunwar cikinta. In bai fita yau ba, ba zai ƙara fita ba, kiɗan da ta sha ji ta bango duk tsawon damina da hunturu zai bi shi kabari.

A teburin karin kumallo Foma Kuzmich ne kaɗai ke ci. Shi ne mai shirya wasan, gajere mai tumbi, ya taso tun daga Mosko jiya don ya raka tsuntsunsa da kansa.

"Miron Danilovich, ranka ya daɗe, ka sa wani abu a cikinka mana. Piyano ba ya son mai yunwa."

"Ka ci naka ka ci nawa, me ya saura?" Miron ya juya ga ƙanwarsa. "Zina, kin ji kukan hankaka da asuba?"

"Na ji. Shi ma sanyi yake ji."

"Jiya gishiri ya zube a teburin nan."

"Foma Kuzmich ne ya zubar. Shi abin zai ci."

"Na ɗauka, na ɗauka," in ji Foma Kuzmich da burodi cike da baki. "Duk wata musiba ta hanya a ɗora mini, ina da faɗin baya."

Aka sa rigunan sanyi. Zinaida ta naɗa wa wanta mayafin ulu a wuya, ta cusa masa safar hannu biyu-biyu, don yatsun nan su ne jarin tafiyar.

"To, mu zauna wa hanya," in ji Miron.

Aka rufe ƙofar falo. Babu mai hankalin da zai kama doguwar tafiya bai ɗan zauna ya yi shiru ba, kuma babu mai motsawa sai wanda ya girmi kowa a ɗakin ya fara tashi ya sa albarka. Zinaida ta zauna a kujerar gefen taga. Foma Kuzmich ya ɗosana a kan wani akwati. Miron, babban ɗakin, ya zauna a kujerar ubansu da ke ƙarƙashin hotunan waliyyai, ya ɗora hannuwa a gwiwa.

Zaman na ɗan numfashi ne, a ja a sauke, a tashi. Aka ja, aka sauke. Miron bai motsa ba.

Foma Kuzmich ya yi gyaran murya. Ya sake yi. Ya zaro agogon aljihu, ya buɗe, ya rufe da ƙarfi don a ji. Ko gezau. Gumi ya fara tsattsafo masa a ƙarƙashin hular gashi. Daga waje ana jin ƙararrawar wuyan dawakai suna kaɗa kai.

"Ranka ya daɗe," ya ce ta gefen baki, "waliyyan sun gan mu. Sun gamsu."

"Ba a magana," in ji Miron, idonsa a ƙasa.

Foma Kuzmich ya dafa akwati zai yunƙura. Zinaida ta watsa masa wani kallo, ya koma daɓas. Ta riga ta gane wasan. Abin da Miron ke jira ke nan, wani ya riga shi tashi, ya ce an ɓata hanya, ya cire riga ya koma ɗakinsa da hujja a hannu. In kuma kowa ya bi ƙa'ida, sai su zauna har jirgi ya yi kuka ya wuce. Ko ta ina shi ke da riba.

"Mirosha," ta kira wanta da sunan yarinta, a hankali. "Ran wanka ba a ɓoyon cibi."

"Ina addu'a, Zina."

"Addu'ar da ka yi yau ta fi ta shekara goma da na sani."

Ta dubi yatsunsa, sun nutse a gwiwarsa har sun yi fari. Ba taurin kai ba ne. Tsoro ne ya danne shi a kujerar, kuma ba ta da abin ɗaga shi.

Sai ƙofa ta buɗe, sanyi ya shigo da Makar, gashin bakinsa duk ƙanƙara.

"Maigida, dawakan nan fa za su daskare. Ko a kwance su ne?" Ya ga kowa zaune, ya cire hula da sauri, ya fara neman wurin tsugunawa.

"Tsaya, Makar, kai ba ka cikin zaman tukuna," in ji Zinaida. Ta juyo ga wanta. "Mirosha, zaman nan bai cika ba. Ƙa'ida ita ce duk mutanen gida. Mun bar Nyanya a kicin."

Nyanya Lukerya ita ta raine su duka biyun, ita ta raini ubansu ma a ƙarshen ƙuruciyarsa. Tun da ta zame a bakin rijiya hunturun da ya wuce ƙafafunta suka daina ɗaukarta. A kan shimfiɗar da ke saman ginin murhun kicin, inda ɗumi yake, take kwana take tashi, daga can take mulkin gidan da baki.

Miron ya ɗago kai a karon farko. Zinaida ta ga lissafin na tafiya a fuskarsa. In Nyanya ta shigo, ita ce babbar ɗaki. Babbar da ba ta iya tashi.

"Gaskiyarki," ya ce, har da ɗan murmushi. "Ƙa'ida ƙa'ida ce. A ɗauko ta."

"Zinaida Danilovna!" Foma Kuzmich ya dafe kai. "Kin kashe ni. Tsohuwar da ba ta... Wayyo, zaure cike da mutane, har da matar gwamna!"

"Yi mana shiru, Foma Kuzmich. Kai ka zubar da gishiri."

Zinaida ta san abin da ta yi. Caca ta yi, kuma da ƙashin tsohuwa ta yi ta.

Makar ya dawo rungume da Nyanya kamar damin itace, an naɗe ta cikin mayafi, ƙafafunta na lilo cikin takalman ulu. Tun daga soro ake jin muryarta.

"A hankali, ɗan banza, ni ba buhun dankali ba ce! Ubanka ma da ya fi ka ƙarfi bai taɓa jijjiga ni haka ba."

Ya ajiye ta a benci kusa da kujerar Miron, shi kuma ya zauna a ƙasa bakin ƙofa. Tsohuwar ta bi ɗakin da ƙananan idanunta. Ta ga Foma Kuzmich jiƙe da gumi, ta ga agogon a hannunsa.

"Wannan ne mai cin ƙwai shida?"

"Ni ne, kaka."

"Ya nuna." Ta juya. "Tun yaushe kuke zaune?"

"An jima, Nyanya," in ji Zinaida.

Lukerya ta dubi Miron, daga gemu har hannuwan da ke maƙale a gwiwa. Ya kawar da kai kamar yaron da aka kama da hannu a kwalbar zuma.

"Mirosha."

"Ba a magana, Nyanya."

"Ni na koya maka ba a magana, ni zan ce a yi. Kai wane irin mutum ne? Can inda aka tara jama'a don ka zauna, ka tashi ka gudu. Nan inda ake so ka tashi, ka kafe kamar turke. Tun kana cikin zani haka kake, a ba ka nono ka ƙi, a ɗauke ka yi ihu."

Foma Kuzmich ya toshe baki da hula. Kunnuwan Miron suka yi ja.

"To, a yi shiru," in ji tsohuwar. "Yanzu aka fara zama."

Aka yi tsit. Ta rufe ido, leɓunanta na motsi. Daga nesa, ta wajen kogi, Zinaida ta ji wani siririn kuka. Jirgin ne yana tsallake gada, saura tasha ɗaya ya iso tasu. Ta ga Miron ma ya ji, kafaɗunsa suka sauka kamar wanda aka sauke wa kaya.

Lukerya ta buɗe ido. Ta yi alamar gicciye. Ta dafa benci da hannu biyu.

"Nyanya, kar ki..." Miron ya fara.

Ta yunƙura. Gwiwoyinta suka yi ƙara, ta koma. Ta ja numfashi, ta cije daushi, ta sake yunƙurawa. Zinaida ta riƙe gefen kujerarta da ƙarfi don kada jikinta ya tashi da kansa. Makar ya miƙa hannu daga inda yake zaune, ba ya isa. Tsohuwar ta rabu da benci, ta ɗago a tanƙware, tana rawa kamar kara a iska, har ta saki hannu ɗaya, ta saki na biyu. Ta tsaya. Sai ƙafar hagu ta lanƙwashe, ta tafi gaba, kanta ya nufi bakin tebur.

Kujerar ubansu ta kife da ƙara. Miron ya cafe ta a sama, ya rungume ta a ƙirjinsa, yana tsaye a kan ƙafafunsa biyu.

"Kin haukace? Da kin fasa kai fa!"

"Ni na riga ka tashi," ta ce tana haki. "Kowa ya gani. Mai ƙwai, ka gani?"

"Na gani da idona, kaka! Zan rantse a kotu!" Foma Kuzmich ya riga ya miƙe yana jan akwatin da ya zauna a kai.

Ta ɗaga hannu ta yi wa Miron alamar gicciye a goshi. "Ku tafi da Allah. Hanya ta yi kyau."

"Nyanya, in na sake mantawa fa?" Muryarsa ta yi ƙasa, don ita kaɗai ya yi, amma Zinaida ta ji.

"Sai ka zauna. Yau mun ga ka iya. Ajiye ni, kana matse mini haƙarƙari."

Makar ya mayar da ita kan murhu a guje, ya fito ya haye. Bai taɓa dukan dawakan nan ba sai ranar. Keken ya yanki gonakin da ƙanƙara ta rufe, ya bar hanya ya bi ta kan daskararren tafki, Foma Kuzmich na kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. Sun iso tasha an riga an buga ƙararrawa ta biyu, saura ta uku jirgi ya tashi. Aka jefa akwatuna, aka tura Miron, aka jawo Foma Kuzmich ta kwalar riga jirgi na tafiya. Hularsa ta faɗi a dandamali, can ta kwana.

Washegari da la'asar zauren ya cika har bakin ƙofa. Rabinsu kiɗa suka zo ji, rabi kuwa sun zo ganin ko zai sake gudu. Zinaida na zaune a layi na uku, hannunta cikin jaka tana murza ƙyalle.

Kashin farko ya wuce lafiya. A tsakiyar na biyu, makaɗa suka sauke, suka bar masa fili, sai hannuwansa suka tsaya a sama. Jagoran makaɗan ya waiwayo. Wata mata ta yi tari. Zinaida ta ga ƙafar wanta ta ja baya, ta ga ya dafa gefen kujera, daidai yadda ya yi a Peterburg.

Bai tashi ba. Ya mayar da hannuwan kan gwiwa, ya sunkuyar da kai, ya zauna. Zauren ya yi tsit har ana jin hucin fitilu. Sannan ya ɗaga hannun hagu shi kaɗai, ya lalubo zaren a hankali, na dama ya biyo, ya ja kiɗan har ƙarshe.

Jaridu suka rabu biyu. Wasu suka ce tsohon ciwon ne ya motsa, wasu suka ce shirun nan shi ne wuri mafi kyau a kiɗan. Foma Kuzmich ya bi bayan na biyun, ya kuma shirya wasa a Kiyef da Kazan kafin mako ya fita.

Da suka dawo gida Zinaida ta shiga kicin ta ba Nyanya labari tun daga farko, har tafi da furanni. Tsohuwar ta saurara tana tsotsar sukari.

"Ya cire mayafin a jirgi?"

"Bai cire ba."

"To. Ki gaya wa mai ƙwai, in za a tafi Kazan ya zo da wanda ya girme ni. Ni na yi tashina na bana."