Igwar Da Lantana Take Jira

Idirisu maƙeri ne, amma da za a bi son ransa, malami zai zama. Tun da ya fanshi kansa daga bauta, duk Lahadi sai ya tara 'ya'yan Hausawan unguwar Água de Meninos, can ƙasar ƙetare, a bakin teku yana buɗe musu kai. Ɗan kowa na jin maganarsa ban da tasa 'yar. Lantana, mai shekara bakwai, tun da ta tashi daga ƙyanda ta koyi kunnen uwar shegu. A kira ta sau uku, ko waiwaye. Ya yi faɗa, ya sa tsumagiya, duk a banza. Shi ya sa ya yanke cewa gobe zai kai ta aikatau gidan wata Baturiya a saman gari, can a gyara mata zama. Uwarta Altine ta yi kuka har ta gaji.

Darasin wannan Lahadin a kan ƙara ne. Lantana na gaba, ta ƙura wa bakinsa ido, abin da shi yake kira rashin kunya.

"Ƙara tafiya take yi kamar mutum, kuma ido ya fi kunne sauri," in ji shi. "Kun ga jirgin can? Yanzu zai buga igwa ya gai da gari. Da kun ga hayaƙi ku fara ƙirge da yatsu, mu ga yaushe za ta iso."

Hayaƙi ya tashi fari fat. A yatsa na biyar ƙarar ta iso, dim! Dawakan barikin soja da ke kusa suka hau haniniya, yara suka toshe kunne suna dariya.

Lantana ko ƙiftawa ba ta yi ba. Ta ƙare yatsu goma, ta sake daga farko.

Gaban Idirisu ya faɗi. Ya zagaya bayanta, ya zaro awartaki da 'yar guduma daga jaka, ya gwara su dab da kunnenta. Yaran suka zabura, ita tana nan tana ƙirge. Sai ya lura da shatin tsumagiyar jiya a ƙwaurinta. Tsoro da kunya suka rufe shi, ya durƙusa cikin yashi.

Inuwarsa ta gani ta juyo, tana murmushi irin na mai son a yaba mata.

"Baba, na kai ashirin," ta ce. "Har yanzu ba ta iso ba?"