Tukunya a Cikin Bargo

Motar ɗaukar kaya ta tsaya a ƙofar benen da hantsi, ranar Asabar. Mama ta hango ta daga tagar kicin. Babban ɗanta, wanda take kira Manaja tun ranar da aka ba shi muƙamin a kamfaninsu, shi ya fara fitowa. Ƙanwarsa Auta na biye da shi, rungume da kwalaye a ninke. Mama ba ta yi mamaki ba. An daɗe ana zancen a waya: ta tsufa, zaman kaɗaici bai kamace ta ba, ga ɗaki a gidansa. Amsarta kullum a'a. Yau sun zo da mota, ko motar za ta fi su iya baki.

Ɗaki biyu ne da falo a saman bene. A nan ta zauna da mijinta har ya rasu, a nan ta yi ritaya daga aikin buga takardu. Fanshonta ba wani abin kirki ba ne, amma bai taɓa ƙarewa kafin wata ya mutu ba, kuma da wannan take tinƙaho a ranta. Guntayen sabulu a tsohuwar safa take tara su, ta yi wanki da su. Ruwan wankin shinkafa na tumatirin da ta shuka a bokiti ne a baranda. Kasuwa sai yamma ta yi lis take zuwa, lokacin da masu kayan miya suka gaji da ciniki, suna neman wanda zai kwashe.

Duk waɗannan 'ya'yanta sun sani, a cikinsu suka tashi. Dabara ɗaya ce ba su sani ba, don bayan rasuwar mahaifinsu ta same ta. Wata rana gas ya ƙare mata wake na tsakiyar tafasa. Ta naɗe tukunyar a bargo don kada ta huce kafin mai gas ya zo. Bai zo ba sai yamma. Da ta kwance, ta tarar waken ya nuna luguf. Tun daga ranar haka take yi: ta bari tukunya ta tafasa sosai, ta kashe wuta, ta naɗe ta da tawul, ta ƙara da bargon marigayi, ta ɗaure da tsohon zane, ta ajiye a ƙuryar gado inda iska ba ta kaiwa. Girki ya ƙarasa kansa, gas ya ninka kwanakinsa. Safiyar nan ma haka ta yi, har ta ƙara awo da nama, don ta san tana da baƙi.

Bayan gaisuwa Manaja ya wuce kicin kai tsaye, ya buɗe firji.

“Mama, firjin nan kamar an yi masa sata.”

“Abin da zan ci nake sa masa, ba abin da zan zubar ba. Rufe, sanyi na fita.”

Ya rufe. Ya ɗaga silindar gas, ya ji nauyinta, ya taɓa murhun ya ji shi sanyi ƙalau.

“Na tsaya wajen mai gas. Ya ce har ya manta rabon da ya gan ki.”

“Kewata yake yi? Ka ce masa ina gaishe shi.”

“Ba wasa nake ba, Mama. Rana ta yi, ba tukunya a wuta. Ba girki kike yi ba. Zama kike da yunwa don kada ki buɗe baki ki tambaye mu.”

Maganar ta soke ta. Taku kaɗan ne tsakaninta da ƙuryar gado, da ta je ta ɗauko ƙunshin da an gama shari'a. Ba ta je ba. Ba ta ga dalilin da zai sa ta kawo shaida a gaban ɗan da ta goya ba, a kan cikinta, a cikin gidanta.

“Na rene ku da albashin mai buga takardu,” ta ce, “ba wanda ya taɓa kwana da yunwa. Sai yanzu da na rage ni kaɗai zan kasa ciyar da baki ɗaya?”

Ya juya ya ce wa Auta da direba su fara da kayan shimfiɗa. Mama ta tsaya a ƙofar kicin ta harɗe hannu, ta tare hanyar tukwanenta. Ta ji ana jan katifa, ta ji takun direba yana sauka yana hawa. Ko leƙawa ba ta yi ba.

“Duk abin da kuka saukar, ku za ku hau da shi,” ta ce.

“Zan kai wannan in dawo,” in ji Manaja. “Kafin nan ki yi tunani. Auta, zauna da ita.”

Motar ta tafi. Auta ta raɓe a hannun kujera, ta kasa haɗa ido da uwarta.

“Wallahi Mama, Yaya ne ya matsa.”

“Ke kuma rakiya kika yi, ko? Tashi ki ɗauko faranti, ba a yi mini faɗa da yunwa.”

Ta shiga ɗaki. Gadon ya zama katako zalla. Ba katifa, ba matasai, ba ƙunshi. Ta ɗan tsaya tana kallon ƙuryar, sannan ta kira Auta.

“Ina ƙunshin da ke nan?”

“Na bargon Baba? Direba ya sauka da shi. Har yana cewa bai taɓa ɗaukar bargo mai nauyin jaki ba.”

“Kira yayanki. Ki ce masa ya bi ramukan hanya a hankali, kuma kada kowa ya kwance. Abincin ranarku na cikin motarsa.”

Auta ta zaro ido, ta kira. Mama tana jin muryarsa daga wayar yana cewa, “Wane abinci? A ina?” Sai ga muryar direba daga nesa: “Yallaɓai, shi ya sa tun ɗazu nake jin ƙamshi, na ɗauka yunwa ce ke yi mini gizo.”

Cunkoson hanya ya riƙe su, ba su dawo ba sai da rana ta karkata. Manaja da kansa ya hau da ƙunshin, rungume a ƙirji, yana haki. Ya dire a kan teburin falo. Mama ta kwance zanen, ta ware bargon, ta yaye tawul, ta sa tsumma ta ɗaga murfi. Tururi ya tashi har ya rufe wa Manaja tabarau. Romo kaɗan ne ya zuba a tawul.

Ta zuba faranti huɗu, har da na direba. Naman yana rabuwa da cokali. Direba ya nemi ƙari ba kunya, ta ƙara masa.

“Haka kike yi kullum?” Auta ta tambaya.

“Sai ranar da aka sace mini tukunya.”

Manaja ya cinye nasa. Ya goge tabaransa da gefen riga, ya mayar.

“To, na ji, kina ci,” ya ce. “Amma matakalar nan fa, Mama? Ni da ƙarfina sai da na tsaya hutawa.”

Wannan tambayar ta gaskiya ce, kuma ta sani. Gwiwarta ta hagu ta fara yi mata gardama da safe.

“Kai kujerar ofis ce ta cinye maka ƙafa,” ta ce. “Ni ranar da tawa ta ƙi, da bakina zan kira ka. Ba zan ɓoye ba. Amma ni zan faɗi ranar, ba kai ba, ba mai gas ba.”

Ya dube ta, ya dubi Auta. Auta ta duƙar da kai tana kankare faranti.

“Alkawari?” in ji Manaja.

“Ka taɓa jin na yi magana biyu?”

Ya miƙe, ya ce wa direba su je su kwance igiyar kayan. Mama ta fito ta tsaya a saman matakala, tana kallon katifarta na hawowa a kan mutum biyu, Manaja a baya, gumi ya jiƙa masa riga.

“A hankali da bango,” ta ce. “Auta, kowa ya fito, fankar falo wa take yi wa fifita? Kashe ta.”