Fiffiken Hagu na Jirgin Malam Abdussalami

"Shitu, ɗan hau ka sauko mini da su tun rana ba ta karkata ba."

Malam Abdussalami ne ya faɗi haka daga kan tabarmarsa a bakin zaure. Ni kuwa ina tsaye hannuna duk ƙarni, don bandar kifi ce sana'ata a nan Tiga, kuma katanga ɗaya ta raba gidana da nasa. Na jingina tsani na hau rufin zauren. Zafin bazara ya gasa kwanon rufin har sai da na naɗe hannu da bakin riga. A can sama na tarar da guntayen katako an manna su bibbiyu, wasu da ɗigon jan fenti, wasu da shuɗi.

Ni mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf. Matata ma takan ce da tambaya na kisa, da tuni an yi sadakar arba'in ɗina. Tun da Malam ya yi ritaya daga aikin ruwa na dam ya fara haɗa jirgin sama na katako, mai kujera ɗaya, a filin ƙofar gidansa, ban bar shi ya sarara ba. Mutanen unguwa sun yi dariya har sun gaji, suka koma alfahari. In baƙo ya zo, wajen jirgin ake fara kai shi kafin bakin ruwa. Saura inji kawai ya rage lokacin da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, aka dawo da shi daga asibiti a Kano ƙafafu a kumbure, aka ce a ci gaba da addu'a.

Na zube guntayen a gabansa na ce, "Malam, waɗannan kuma layar mece ce?"

Ya yi 'yar dariya. "Shaidu ne. Jirgin nan ba ƙusa ce ke riƙe da shi ba, gam ne. Efoksi ake ce masa, ruwa biyu ne, sai an kwaɓa su tare suke kamawa. Duk ranar da na manna wani abu a jikinsa, sai in manna guntaye biyu da ragowar in ajiye."

"To jan fa, da shuɗin?"

"Alamar irin gam ɗin ce. Jan na kasuwa ne, kafin ka shanye kofin shayi ya bushe. Da shi na yi fiffiken hagu, lokacin ina ɗoki. Shuɗin daga Legas aka aiko mini, sai ya kwana ya wuni kafin ya kama, da shi na yi na dama da gangar jikin. Daga baya na karanta cewa mai saurin nan ba ya shiri da zafi, shi ya sa na shanya su a kan rufi." Ya numfasa. "Na daɗe ina tsoron gwadawa, Shitu."

"Me ya sa sai yau?"

"Saboda Uwais."

Uwais shi ne ɗansu tilo, Malam da matarsa Goggo Maijidda. Gyaran injin ban ruwa yake yi a Tudun Wada, kuma ya gado taurin kan ubansa har da ƙari. A gabana ya sha faɗin cewa shi zai ɗora wa jirgin inji, shi zai fara tashi da shi, ya zaga dam ya dawo.

Muna cikin haka sai ga shi a kan babur, ashe uban ya sa an kira shi. Ya durƙusa ya gaishe mu. Malam ya sa shi ya jingina guntu mai shuɗi a jikin dutse, ya buga da guduma. Sai da ya maimaita kafin ya tsage, kuma katakon ne ya yage, gam ɗin yana nan riƙe da ɓarɓashinsa.

"Madalla," in ji Malam. "Haka ake so. Ɗauko ja."

Wannan ko ƙarfi Uwais bai sa ba. Guntayen suka rabu sumul, kowanne ya faɗi gefensa. Ban iya haƙuri ba, na ɗauki ɗaya na danna farce a kan gam ɗin, ya lotsa kamar alewar da ta sha rana. Uwais ya gwada wani, ya sake gwada wani. Duk kanwar ja ce.

Malam ya ce, "Shiga ka ɗauko zarto."

Uwais ya miƙe zumbur. "Haba Baba! Shekara nawa kana sassaƙa fiffiken nan? A bi shi da ƙusa mana, a shafa gam mai kyan a kai."

"A kai? Ɓarnar tana ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Injin ban ruwa in ya saki, tsayawa kake yi ka gyara. A sama ina za ka tsaya?"

"To na yi alkawari ba zan hau ba. A bar shi yadda yake, mutane su riƙa gani."

"Yau na yarda da alkawarinka. Amma na san ɗan da na haifa. In ba na nan, ga shi tsaye da fukafukai biyu kullum yana kallonka, wa zai riƙe ka?"

Sai muka ji murya daga cikin zaure. Goggo Maijidda ce, wadda tun da aka fara jirgin nan ban taɓa jin ta ce uffan a kansa ba.

"Uwaisu, yi abin da ya ce."

Ni na riƙe bakin fiffiken, Uwais ya sa zarto a gindinsa. Da ya buɗe, halina bai bar ni ba, sai da na leƙa. Siraran katakai ne a jere reras, kamar ƙayar kifi, kowanne an goge shi sumul a wurin da ba a yi zaton ido zai taɓa gani ba. Ba zan ɓoye ba, hawaye na yi. Malam bai kau da kai ba har sai da aka daddatsa shi yadda ba zai sake haɗuwa ba. Sannan ya nemi kunu, ya sha fiye da yadda ya sha tun dawowarsa daga asibiti.

Ranar Alhamis da hantsi Allah ya yi masa cikawa.

A filin nan aka yi zaman makoki. Aka shimfiɗa wa malamai da dattawa tabarmi a inuwar fiffiken dama, wuri ya cika. Uwais ya zauna a ɓangaren hagu, inda babu inuwa. Na je na ce ya matso, ya ce, "Bari kawai, Baba Shitu, nan ma ya yi."

Da zan koma wurina, na hango labulen zaure ya ɗan ɗaga. Goggo ce a tsaye cikin mayafin takaba, ta zuba wa ɗanta ido, yana zaune a ƙasa cikin rana, yana amsa gaisuwa.