Filin Goggo Mero

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba. Karanta na wasu kawai na iya, kuma ko a aji ba na son a ce in tashi in yi magana. Amma ni ce ke riƙe da kofin kunu a bakin Goggo Mero lokacin da Alhaji Mudi ya yi sallama, Malam Buba limamin unguwarmu na biye da shi, don haka na ga abin da ya faru da idona.

Goggo maƙwabciyarmu ce a Malumfashi. Ciwo ya cinye ta har ana iya ƙirga ƙasusuwan hannunta, an fito da ita rumfa don ta sha iska. Ta ture kofin, ta dubi Alhaji daga sama har ƙasa.

"Alhaji, gaisuwa ka zo, ko awon filin?"

"Haba Goggo. Ya jikin?"

"Ga shi kana gani. Ka ƙara haƙuri kaɗan."

Sai na yi bayanin filin. Yana tsakanin gidanta da katangar Alhaji, masussukar mijinta ce tun unguwar tana gonaki. Akwai bishiyar bedi, wato darbejiya, a tsakiya, da tsohuwar taya da aka ɗaure a reshe ana lilo. A garinmu wurin wasan yara guda ne, sai da tikiti, kuma sai da Salla ake buɗe shi. Babanmu tela ne, mu shida gare shi, bai taɓa kai mu ba. Duk hutun makaranta a filin Goggo muke yin sa. Maza na langa da ƙwallon tsumma, mata na 'yar gala-gala da carafke, ƙanana na haɗa motar kara. Ni ina gindin bedi da littafi. Goggo kan ajiye mana randa da moɗa a ƙofar gida, iyakar abin da take karɓa shi ne gaisuwa.

Alhaji Mudi mai sayen masara ne, sito yake son ginawa a wurin. Ya nema ta hana, ya zage ta. Ya ce hayaniya na hana shi barcin azahar, ya sa aka sare reshen lilo. Aka mayar da tayar wani reshen. Wata safiya bayan nan ƙanwata Najiba ta ruga filin babu takalmi, ta taka fasasshiyar kwalba da aka binne cikin yashi. Ba guda ba ce, an barbaɗe filin ne gaba ɗaya, irin korayen kwalaben da ke kafe bisa katangar Alhaji. An yi mata ɗinki a asibiti, har yau tana ɗan ɗingishi. Kowa ya san mai aikin, babu wanda ya faɗa, domin rabin unguwa a sitonsa suke dako. Iyaye suka hana 'ya'yansu zuwa, filin ya zama na awaki. Muka kuma ji cewa Alhaji ya gama magana da Sadiq, ɗan Goggo da ke Kaduna, ana rufe ta za a sayar masa.

Malam Buba ya gyara zama bisa tabarma. "Goggo, Alhaji ya zo ne a yafi juna. Zaman maƙwabtaka ba ya rasa saɓani."

"To. Amma Malam, in fara tambayarka. Mutum yana kwance haka, in ya ba da abinsa saboda Allah, ya bayu?"

"In bai wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da ya mallaka ba, ya bayu."

"Gidan nan da gonarmu ta garin Ƙarfi sun ninka filin sau nawa? Su na Sadiq ne. Filin kuwa na bar wa yaran unguwa, wakafi. Ba gini, ba katanga, ba mai karɓar ko kwabo. Su yi ta ihu a ciki har a tashi duniya."

Tari ya sarƙe ta, na tallabe ta har ya lafa. Ina jin zuciyarta na bugawa a tafin hannuna kamar ta ɗan tsako.

"Shaidu nawa ake so, Malam?"

"Biyu."

"Kai ɗaya. Maijidda da ke riƙe da ni yarinya ce, ba a sa ta." Ta juya kanta a hankali. "Ga kuwa Alhaji Allah Ya kawo."

Alhaji ya cire hula ya mayar. "Goggo, da an jira Sadiq ya iso."

"Sadiq na hanya tun watan jiya. Ni ma ina hanya, kuma zan riga shi isa. Ka shaida ko ba ka shaida ba?"

Malam Buba ya zuba masa ido. Alhaji ya dubi ƙasa.

"Na shaida."

"Ban ji ba. Kunnuwan sun riga ni tafiya."

Ya maimaita da ƙarfi, har matan da ke tsakar gida suka daina daka.

"Madalla. To zagin da ka yi mini na yafe. Reshen ma na yafe. Kwalba kuwa ba ƙafata ta yanka ba, ba ni da abin yafewa. Ka je ka nemi mai ƙafar."

Na jira ya musa. Bai musa ba. Ya tashi ya fita, takalminsa ɗaya a karkace. Goggo ta buɗe baki ta ce in ba ta kunun, ta shanye tas, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

Ranar Talata da hantsi ta cika. Liman ya faɗi wasiyyar a gaban sahu kafin a sallace ta, ya kira sunan Alhaji a matsayin shaida, Alhaji ya gyaɗa kai jama'a na kallo. Sadiq ya yi kukansa, bai tada maganar sayarwa ba.

Bayan addu'ar uku matan unguwa suka fito da rariyar tankaɗe. Muka durƙusa muna tankaɗe yashin filin kamar garin tuwo, muna zuba kwalaben a bokiti. Ban yi aikin don lada ba, kuma ba zan ce don lada na yi ba. Ni na zaɓi reshen da ke daidai tagar ɗakin Alhaji aka ɗaure lilo. Ni na koya wa 'yan mata waƙar tafi mafi ƙara da na sani, na ce musu bayan azahar ta fi daɗi.

Ana cikin tafin ne ƙofar Alhaji ta buɗe. Yara suka daina tafi, wasu suka fara ja da baya. Ya ratso filin da babbar riga, ya wuce lilo, ya tsaya inda Najiba ke zana layin gala-gala da tsinke. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwarsa na ƙara.

"Najiba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "ƙafar nan taki. Ki yafe mini."

Na matse littafin da ke hannuna, ina roƙon Allah kada ta amsa. Ta dube shi, ta dubi ƙasa. Ba ta ma gane maganar da yake yi ba.

"Baba, ka matsa. Kana kan layinmu."

Ya matsa. Ta sunkuya ta sake zana inda takalminsa ya goge, ta jefa dutsenta, ta fara tsalle da ƙafarta mai lafiya. Yana nan durƙushe a gefen layin, yashi a gwiwar rigarsa, aka ci gaba da tafi. Na zagaya ta bayan bedi na shige lungunmu, babu wanda ya waiwayo.