Lambar da Baba Ya Haddace

Wata mata mai suna Baturiya ta iso Birnin Tudu da hantsi, a bayan mashin, jakarta a cinya. Ma'aikaciyar wani kamfanin casar shinkafa ce a Mafara. Su ke ba mu iri da taki in noman rani ya kama, mu kuma mu sayar musu da abin da muka girbe. Duk shekara Baba yana sa hannu a yarjejeniyarsu da ajami, ni ina danne masa gefen takardar.

Ni ne babba a maza. Tun da na gama sakandare ban je ko'ina ba. Ni ke dashe, ni ke ban ruwa, ni ke korar tsuntsaye. Ƙanena Mubarak yana karatu a Mafara. Ran Juma'a yake leƙo mu da farar riga, Inna ta malala masa man shanu a tuwo.

Na shimfiɗa tabarma a zaure. Suka gaisa da Baba, gajiya, iyali, zafin gari, har mutanen Mafara sai da ya tambaya. Sannan ta zaro wata waya mai faɗi kamar allo.

"Baba, bana tsari ya canza. In kun yarda, ba sai da takarda ba. A nan za ku sa hannu, da yatsa. In ba ku yarda ba, hakkinku ne, sai in dawo da takarda mako mai zuwa."

"Iri hwa, ɗiyata?"

"Sai an sa hannu ake sakin iri."

Mun riga mun jiƙa gona. Baba ya san haka.

"Mako ya yi nisa," in ji shi. "Karanta mu ji."

Ta karanta, tana juya masa da Hausa. Wanda ya amince, sa hannunsa a gilashi daidai yake da na biro, ko a gaban alƙali. Amma sai ya ba da lambar waya. Daga yau duk wata yarjejeniya can za a tura ta. Can kuma lambobin sirri za su shiga, waɗanda sai da su sa hannun yake zama.

"Taku ƙarama ce, Baba, ba ta buɗe takarda. Ku ba ni ta wanda kuka amince da shi. Wanda ke riƙe da ita, kamar hannunku yake riƙe."

Na sa hannu a aljihu. Wayata babba ce, da albasar bara na saye ta. Na riga na damƙe ta.

Baba ya gyara zama, ya karanto lamba tiryan-tiryan, bai ko yi tuntuɓe ba. Ta Mubarak ce.

Ban taɓa sanin ya haddace ta ba. Tawa bai san farkonta ba.

"Ta wa ce?" in ji Baturiya.

"Ta ɗana Mubarak. Yana boko can wajenku."

"Wannan fa?" Ta nuno ni da haɓa.

"Wanga Imrana ne. Shi ka noma."

Na tsura wa wata tururuwa ido tana jan ƙwayar gero a bakin tabarma.

Baba ya ɗora yatsa a gilashin. Harafin farko ya zame, ya yi dariya, ya ce abin ga santsi gare shi. Ta goge, ya sake. Sunansa ya fito a karkace, amma nasa ne.

"Yauwa. Na tura lambobin. A kira Mubarak ya karanto mana."

Baba ya miƙo mini ƙaramar wayarsa, don idonsa ba ya ganin maɓallan. Na kira. Ta yi ta ƙara har ta gaji. Na sake. Shiru. Wani daɗi mara kyau ya ɗan ratsa ni, na haɗiye shi.

"Yana aji," in ji Baba.

"Ko yana inda ya fi aji daɗi," in ji Baturiya, tana dariya. Baba bai taya ta ba.

Muka zauna. Inna ta aiko da fura, Baturiya ta sha, ta duba agogo. Ta ce manoma na jiran ta a Bakura.

"Baba, ai yanzu ana iya canza lambar. Ga Malam Imrana nan, tun ɗazu hannunsa na aljihu kamar mai ɗumama ƙwai."

Na zare hannuna.

Baba ya ce in ƙara gwadawa. Na gwada. Ba a ɗauka ba. Ya shafa gemu, ya dubi ƙofar zaure, kamar Mubarak zai ɓullo daga nan. Sai can ya juyo.

"To, Imrana, hwaɗa mata taka."

"To" ɗin nan ne ya tsaya mini a rai. Da shi yake karɓar gero in dawa ta ƙare a kasuwa.

"A bar ta Mubarak," na ce.

"Ba ka ji abin da tac ce ba?"

"Na ji. Zai kira."

Baturiya ta dube ni. Ta daina dariya.

"Malam Imrana, in na rufe a kan waccan, canzawa sai Baba ya zo ofis da kansa."

"A bar ta."

Baba ya daɗe yana kallona. Ni ma jira nake. Da ya sake faɗa, ko da tsawa ne, da na bayar. Lambar tana kan harshena.

"Shi ke nan," ya ce. "A jira shi."

Ba a jima ba ƙaramar wayar ta yi ƙara a hannuna. Na miƙa wa Baba. Ya kara a kunne, ya ce na'am, ya ce mi, ya dawo mini da ita.

"Amsa. Kunnenka ya hi nawa."

"Yaya, lafiya? Muna jarabawa ne. Na ga wani saƙo ya shigo."

"Karanto lambobin."

Yana faɗa, ina maimaitawa, Baturiya tana dannawa. Allon ya yi kore. Ta ce an gama, gobe a je a ɗauko iri. Baba ya yi hamdala, ya fara sa mata albarka.

Mubarak bai kashe ba.

"Yaya, ga takardar nan ta faɗo wayata, doguwa ce. Bari in karanta da kyau, ran Juma'a in gaya muku abin da za ku yi."

"To."

Na ajiye wa Baba wayarsa a kan tabarma. Na ɗauki fartanya a bayan ƙyaure.

"Ba ka sha hura ba," in ji shi.

"Na saki ruwa a gona, zai wuce kunya," na ce, na fita.