Damin Geron Ardo Buba

"Baffa, ka kori shanun ga!" in ji Na'Allah. "Haba! Karan da muka saba kaiwa kasuwar Boɗinga ka bar musu kyauta?"

"Kyauta? Boko ya rufe maka ido," in ji Baffa Arzika. "Duba ƙasa, ka ga abin da sunka bari."

Na'Allah bai duba ba. A ganinsa kashin shanu ya zama tsohon yayi, tunda gwamnati na kawo takin zamani. Wata biyu shanun Ardo Buba suna kwana a gonarsu, ko gaisuwar Ardon bai taɓa amsawa ba.

Daminar 1983 taki bai zo ba, ruwa ma ya ɗauke da wuri. Geron maƙwabta ya ƙone a tsaye, nasu da ya sha kashin shanu ya kai. Da shi suka riƙe rumfarsu a kasuwa, aka ci a gida.

Ranar da aka gama girbi, Na'Allah ya zaɓi dami mafi nauyi, ya ɗauka a ka har rugar Ardo, bayan Kajiji. Ya tarar da turaku da toka mai sanyi. Fari ya kori Ardo da shanunsa.

Ya sauke damin, ya dubi hanyar kudu.

"To, wa zan ba?"